Gayyar da Na Kira wa Ɗanliti

Ɗana Ɗanliti ya ɗauki sunana ya kai wa boka. Ban sani ba sai da aka binne mutum huɗu.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya, ƙasar Faskari. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Malam Gide ake ce mini. Ban taɓa mallakar mota ba, ban je Makka ba. Abu ɗaya gare ni: in na kira gayya ana zuwa. Yaran yanzu ba su san gayya ba. Ita ce ka roƙi mutane su taru su nome maka gona yini guda, ba ko sisi, sai fura da tuwo da godiya. Shekara arba'in ban ji an kira gayya na zauna gida ba. Na yi wa mai lafiya, na yi wa majinyaci, na yi wa matar da miji ya mutu ya bar ta da shuka cikin ciyawa. Shi ya sa ranar da na kira tawa, hauya saba'in ta tsaya a bakin gonata. Ubana ya ce mini arziki shi ne ka yi kira a amsa. A kan haka na tsufa.

Ɗanliti bai ga arziki a nan ba. Tun da ya fara kai masara kasuwar Ƙanƙara ya ga manyan 'yan hatsi ana loda masu tirela, idonsa bai sake komawa daidai ba. Buhu dubu yake so a kaka ɗaya. Gonarsa ba ta wuce buhu talatin.

Wata rana muna gyaran rumbu ya ce, "Baba, kai fa sunanka ya fi rumbunka girma."

Na ce, "Rumbun ya taɓa barinka da yunwa?"

"Bai taɓa ba. Amma suna ba ya hawa tirela."

Na yi banza da shi. Na zaci ƙuruciya ce, alhali ya haura talatin da biyar, yana da mata, Suwaibatu, da ɗiya budurwa, Hamida.

Abin da ya faru wurin boka, shi ya faɗa mini da bakinsa daga baya, yana durƙushe a zaurena. Yadda ya faɗa haka zan faɗa.

Ya ce da ni zai je Sabuwa neman taki. Ya wuce Sabuwa a kan babur, ya shiga cikin itatuwa har hanya ta ƙare, ya ci gaba da ƙafa. Da tsakar rana ya isa wani kufai. Gidaje duk sun zube, sai rumbu ɗaya tsaye da sabuwar jinka. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ƙadangare. A gindin rumbun wani ɗan tsamurmurin mutum na zaune a kan buzu, rigarsa fara tas. Da ya miƙo hannu suka gaisa, Ɗanliti ya ji tafin hannun laushi kamar na jariri. Hannun bai taɓa riƙe ƙota ba.

Mutumin ya buɗe ƙofar rumbun ya ce ya leƙa. Babu hatsi ko tsaba. Hauyoyi ne rataye daga sama, sun fi ɗari, kowace ƙota ta yi sulɓi saboda riƙo, ana ganin gurbin yatsun mai ita. Iska ba ta shiga, amma suna lilo a hankali. A ƙasansu akwai baƙin tulu, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Tulun yana zufa. Ɗigo na gangarowa a jikinsa yana shiga ƙasa, wurin kuma na warin rigar wanda ya yini yana huɗa.

Boka ya ce, "Buhu dubu kake so."

"Ban faɗa ba tukuna."

"Duk wanda ya zo daga wajenku da irin wannan ido, abin da yake so ke nan."

"Mi zan kawo? Baƙin bunsuru? Jan zakara?"

"Jini na masu gaggawa ne. Nawa ba ya shan jini. Gumi yake sha."

Ɗanliti ya ce nan ya ji sanyi a ransa. Ya ce, "In gumi ne da sauƙi. Sai in ɗauki 'yan ƙwadago."

"Gumin da aka biya ya riga ya sami mai shi. Ba ya shan wannan. Sai wanda aka zubar maka kyauta, da zuciya ɗaya."

"Yanzu wa ke noma wa wani kyauta? Gayya ta mutu."

"A bakinka ta mutu. Ɗan wa kake?"

Ya faɗi sunana. Boka ya yi murmushi ya ce, "Ka zo da farashi a hannu kana cewa ba ka da shi."

Ɗanliti ya dubi tulun. Sannan ya tambaya, "Su fa, mi zai same su?"

"Gajiya. Akwai manomin da bai san gajiya ba?"

"Ba mutuwa?"

"Ka ji na ambaci mutuwa?"

"Sau nawa?"

"Kowace damina sau ɗaya. Ka ba shi, ya ba ka. Shekarar da ka hana shi, zai bi gumin da aka taɓa zubar maka kyauta, duk inda yake."

Ɗanliti ya ɗauka 'yan gayya ake nufi. Bai ƙara tambaya ba. Mai kwaɗayi ba ya son tambaya ta biyu. Boka ya sa shi ya tofa yawu a bakin babban tulun sau uku, ya ba shi ƙarami irinsa a nannaɗe cikin buhu, ya faɗa mashi yadda zai yi.

Ya dawo gida ya zama wani mutum. Gaisuwa da safe, gaisuwa da la'asar. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi tunani, hanyarka ita ce hanya. Ina so yara su ga yadda ake yi a da. Ka kira mini gayya. In ni na kira ba mai zuwa, amma kai ko cikin barci ka yi tari gari ya tashi."

Da wannan aka kama ni. Ba a yi mini tsafi ba, yabona aka yi.

Na bi gida gida da ƙafata. Na fara da Mani, aminina, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya.

Ya ce, "Gide, gayya a zamanin maganin feshi? Ko tsufa ya fara taɓa ka?"

"Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

"Ka taɓa kira na zauna? Sai dai a sa nono a furar. Kada a kawo mana ruwan wankin ƙwarya irin na gidanku."

"Wanda kake lashe ludayi?"

Ya yi dariya ya ce zai zo da ɗansa Uwais.

Mutum hamsin da uku suka zo. Na nemo tsohon makaɗin noma da gangarsa ta shekara goma a rataye. Suwaibatu da Hamida suka kwana biyu suna daka. Uwais ne ya ja gaba, ƙaton saurayi, kuyya biyu yake gamawa kafin wani ya gama ɗaya, makaɗi na bin sa yana wasa shi. Kafin la'asar an nome gonar har maimai ba ta so. Na tsaya a bakin iyaka ina kallo, ƙirjina cike.

Da aka tashi cin abinci, Ɗanliti ya kawo babban daro ya ajiye a inuwa. Shi da kansa ya riƙe buta yana zuba wa kowa. "Baba Mani, a wanke har fuska. Uwais, kai ka fi kowa wahala, goge wuyanka." Kowa ya wanke guminsa cikin daron nan. Da Suwaibatu ta zo za ta zubar, ya ce ta bari. Ya ɗora daron a kansa ya shiga cikin masara da shi.

Mani ya taɓa ni ya ce, "Ɗanka ya yi hankali. Dubi yadda yake hidima da mutane."

Na ce, "Gida ya koya."

Can tsakiyar gona ya binne tulun. Ruwan nan ciki yake zubawa.

Kakar shekarar nan ta zo da abin da ban taɓa gani ba. Kara ɗaya goyo uku, kowane kamar damtsen mutum. Gonakin da ke kewaye suka yi ja, alhali ruwa ɗaya ya sauka a kansu. Motoci suka zo daga Ƙanƙara har bakin gona. Damina ta biyu na sake kiran gayya, ta uku ma haka. Ya sayi gonakin maƙwabta da amfaninsu ya mutu. Ya gina gida a Faskari, ya gina shagunan ajiya, ya je Makka ya dawo Alhaji. Ya ce zai biya mini kujera in je. Na ce ya bari sai baɗi. Allah ya tsare ni da wannan kaɗai.

Uwais ne ya fara. Bayan gayya ta biyu ya daina zufa. Ba wani ciwo, wannan ne kawai. Ana zafin bazara kowa riga sharkaf, shi goshinsa kamar busasshen ƙoƙo. Ya shanye tulu guda, ko ɗigo ba ya fitowa. Fatarsa ta fara ƙara in ya motsa, irin ta ganyen masara a kaka. Aka kai shi asibiti, aka auna jini, aka ce ba a ga komi ba. Wata biyar ya yi. Da muka ɗauki makararsa muka dubi juna, don ba nauyi. Kamar damin kara muka ɗauka.

Bayan gayya ta uku mutum biyu suka bi shi, duka daga masu jan gaba. Wasu ba su mutu ba, amma ƙarfinsu ya tafi, mutum ya yi kuyya ɗaya ya zauna. Na ji ana ƙus-ƙus in na wuce. Na ce hassada ce. Ɗana ya yi arziki, gari ya ƙi jinin abin.

Damina ta huɗu na sake bin gidaje. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce to. Ranar gayya aka dama furar mutum hamsin. Na tsaya a bakin gona tun hantsi. Rana ta take. Makaɗi ma bai zo ba. Ƙuda kaɗai ya amsa kirana.

Da fushi na tafi gidan Mani. Na same shi kwance a tabarma, an jiƙa zane an lulluɓa mashi, zanen ya bushe. Leɓensa ya tsattsage.

Ya ce, "Zauna, Gide. Ba zan iya ɗaga murya ba."

Na zauna.

"Uwais. Ɗan gidan maƙeri. Ƙanen liman. Ni. A wace gona muka haɗu?"

Ya ɗan huta, ya ci gaba.

"Ruwan wankin hannu, ina ake kai shi? Ka taɓa ganin an zubar?"

Na tuna daron da Ɗanliti ya shiga da shi cikin masara.

Ya ce, "Da ɗanka ne ya zo ƙofata, da na ce ina da uzuri. Kai ka zo. Na ɗauki ɗana na kawo maka shi da hannuna."

Na ce, "Mani, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa aka aiko ka."

Ya juya fuskarsa bango. Bayan kwana uku muka binne shi. A maƙabarta ba wanda ya ba ni hannu.

Na ɗauki galma na shiga gonar Ɗanliti. A tsakiya akwai wuri kamar faɗin tabarma, ko ciyawa ba ta fitowa, ƙasar kuma jiƙe take. Na tona. Na ga bakin tulun da jan ƙyalle. Na kasa kunne, na ji numfashi a ciki, irin na mutane da yawa da suka gaji. Na ɗaga galma na sara. Bakin galma ya lanƙwashe, tulun ko tsagewa bai yi ba.

Na hau mota na je Faskari. Na same shi a falo cikin baƙi. Na ce, "Mi ka binne a gona?"

Ya ce, "Haba Baba. Kai ma ka shiga cikin masu hassada?" Ya ce a kawo mini lemo.

Na fita ban sha ba.

Daminar nan ta huɗu ba a ba tulu ba, sai ya bi bashinsa a gida. Shekara goma sha tara Suwaibatu na daka, tana tuƙi, tana kai abinci gona a tsakar rana, ba wanda ya taɓa biyan ta. Ta daina zufa a bakin murhu. Mace mai kunya, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba. Kafin a karya masara ta tafi. Matan da suka yi mata wanka suka ce ruwa ba ya zama a jikinta.

Hamida ba ta bushe ba. Ita hankalinta aka ɗauka. Ranar sadakar bakwai ta samo hauya ta fara noman simintin tsakar gida. Tun safe har faɗuwar rana, hannu na jini. Na riƙe ta, ta dube ni ta ce, "Kaka, sake ni, an bar ni baya. Ba ka jin gangar?" Malamai sun yi mata karatu. Takan lafa kwana biyu ta koma.

Hatsin ma ya bi. Buhunan da aka kai Ƙanƙara, da aka farke, sai ƙaiƙayi da gari mai wari. Shago bayan shago haka. Waɗanda ke tashi tsaye in Ɗanliti ya shigo suka daina amsa wayarsa. Gidan Faskari ya tafi, motoci suka tafi. Ya ɗauki 'yan ƙwadago ya roƙe su su ce kyauta suka yi, ya zuba ruwan hannunsu, tulu ya amayo shi. Ya koma kufan nan bayan Sabuwa. Boka ba ya nan. Rumbun na nan, da sababbin hauyoyi a rataye. Ya gane ta Uwais, mai tabon wuta a ƙota. Kusa da ita muciyar Suwaibatu ce.

Kai da ke jin wannan, ka duba abin da kake kira arziki. In buhu ne, ƙwaro ma ya san hanyarsa. Duk wanda ya ce zai ba ka dubu a kaka ɗaya, tambaye shi daga jikin wa za a cire. Ba zai faɗa ba. Kuma ba daga jikin maƙiyinka ake cirewa ba, don maƙiyi ba ya zuwa kiranka. Daga masu sonka ake farawa.

Yanzu saura ƙarshen.

Bara ɓarayin daji suka tashi wani ƙauye a bakin daji. Gida goma sha ɗaya suka faɗo garinmu da tabarmi a ka. Na ba su zaurena da kangon bayan gida, na yanka masu rabin gonata. Su kaɗai ke amsa sallamata yanzu. An ba su labarina. Babbansu ya ce wanda ya ba su wurin kwana ba zai cuce su ba. Akwai majiya ƙarfi a cikinsu sun kai ashirin. Kullum sai sun ce, Baba, in akwai aiki ka yi magana.

Ruwan farko ya sauka bana. Ina dawowa daga gona da hantsi na tarar da Ɗanliti a zaure. Ya rame, rigarsa ta yi mashi yawa. Hamida na zaune a gefe, an naɗe hannuwanta da tsumma, tana kaɗa kai a hankali kamar mai bin kiɗa. Ya durƙusa ya faɗa mini duk abin da ya faru wurin boka, bai rage komi ba. Na saurara har ya gama.

Na ce, "Tashi mu je masallaci ka faɗa a gaban mutane. Ka nemi gafarar Allah, ka nemi ta gidan Mani."

"Kashe ni za su yi, Baba."

"To mi ya kawo ka?"

Ya dubi ƙofa, inda baƙina ke wasa hauyoyinsu a kan dutse. Ya rage murya.

"Sau ɗaya kawai. Waɗannan in ka kira za su zo. Ba 'yan garin nan ba ne, ba wanda zai bi ba'asi. In tulun ya sha, zai saki Hamida."

"Boka ya faɗa maka haka?"

"Bai faɗa ba. Amma in ya ƙoshi..."

"Shekara uku kana ba shi. Ya ƙoshi?"

Sai ya ɗago ya tsura wa goshina ido, ya dubi rigata. Tun asuba nake huɗa. Rigar a bushe take kamar yanzu aka ɗauko ta daga shanya. Kwana tara ke nan ban yi zufa ba, ban faɗa wa kowa ba.

Ya ce, "Baba, ya fara da kai."

"Na sani."

"Wa ya fi ka zubar mini da gumi? Kai ka noma abin da na ci tun ina goye. Ba zai bar ka ba. Ba za ka ga kaka ba."

Hamida ta ce, "Kaka, an fara kiɗa."

Daga waje babban baƙin nan ya leƙo da hauya a kafaɗa ya ce, "Baba, mun ji ana maganar aiki. In gona ce, ka faɗi rana kawai."

Ɗanliti ya kama ƙafata da hannu biyu. "Ka ji ko? Su da kansu. Kalma ɗaya, Baba. Ka ce gobe."

Na ce da baƙon, "Ba aiki, Malam. Ku je gonarku." Na jira har ƙarar takunsa ta ɓace. Sannan na zare ƙafata daga hannun ɗana.

"Ba zan kira ba."